Takarda ɗaya ta ishi mai tsire

Daga watan Maris zuwa Mayu, wanda ya san Sakkwato ya san gari ba ya farfaɗowa sai rana ta faɗi. Zafi kan haura digiri 40, ɗaki ya koma tanda, in babu wuta fanka ta zama ado. Shi ya sa bayan Magariba duk inda aka samu fili mai 'yan itatuwa da iska sai ya cika: gefen dandalin Shehu Kangiwa, kewayen filin wasa na Giginya, bakin shataletale, da lambunan shaƙatawa da ake kai yara ranar Sallah. Inda jama'a ta taru kuwa, ciki na biye da ita. Mai tsire ya kafa tukuba, mai shayi ya jera benci, ga kunun aya da zoɓo a kula, ga mai fura tana damu.

Akwai wani dattijo da na daɗe ina sayen balangu a wurinsa, gindin wani dogon yaro a bakin ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare. Kwanan baya na tarar ya koma can bakin kwalbati, cikin ƙurar motoci. Na ce, "Baba, lafiya ka bar inuwarka?" Ya ce, "Ɗana, cewa sunka yi ba ni da takarda. Ni kau kullum biya nikai. Wanga shi zo shi amsa, wancan shi zo shi amsa, babu wanda yat taɓa ba ni abin gwadi."

Wasu abokaina na ganin duk maganar lasisi wata dabara ce ta tatsar talaka, a bar kowa ya nemi abincinsa inda ya ga dama. Na fahimci haushinsu, amma ban bi su ba. Dattijon nan yana biya tun da can. Abin da bai samu ba shi ne haƙƙin da biyan ya kamata ya saya masa. Mutumin da ke riƙe da takarda mai sunansa, da lambar wurinsa, da ranar ƙarewarta, yana da bakin magana in an zo tashinsa. Wanda ba shi da ita, rayuwarsa na hannun duk wanda ya rataya kati a wuya.

Doka ba ta bar abin a duhu ba. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da lambuna da filayen shaƙatawa, da kasuwanni, da tsara harkar shaguna da kes-kes da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci. Matsalar ita ce birnin Sakkwato ba ƙaramar hukuma ɗaya ba ce. Akwai Sakkwato ta Arewa, akwai ta Kudu, gari kuma ya miƙe ya shiga Wamakko da Dange-Shuni da Kware. A samansu ga hukumomin jiha masu kula da tsara birni da tsaftar muhalli da tara kuɗin shiga, kowacce da nata hurumin. Lauya ma sai ya zauna kafin ya gane wane fili na wa ne, balle mai awara. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta muhawara a kan abin da ke zuwa daga Abuja. Kuɗin da ake tsinta a hannun masu talla kowace yamma, wanda ba a san aljihun da yake kwana ba, ban ji ana tada shi ba.

Mu a nan ma bai kamata sai an tuna mana ba. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa a littafinsa Kitabul Farƙi na zaluncin sarakunan zamaninsa har da naman da mai kula da kasuwa ke karɓa a hannun mahauta duk ranar kasuwa, wanda ake kira tawasa. Yau fiye da shekara ɗari biyu, a garin da Hubbarensa yake, tsinken tsire biyu da ake miƙa wa mai karɓar haraji don ya kau da kai, wane suna za mu ba shi?

Sai dai gwamnati ma tana da hujjarta, kuma mai ƙarfi ce. A 2021 amai da gudawa ya kama fiye da mutum dubu ɗari a Najeriya, ya kashe dubbai, Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki. Da wane ruwa aka dama kunun nan? Ƙanƙarar da aka jefa a zoɓo daga ina ta fito? Kofi ɗaya baki nawa ya zaga kafin a ɗauraye shi? Iyayenmu na ba da labarin duba-gari da ke leƙa randa da masai, ana jin tsoronsa don ba ya wasa. Lasisi ne kaɗai hanyar da jami'in lafiya zai san su wane ne ke ciyar da jama'a a fili kaza, ya koya musu, ya dawo ya duba. Kuma wurin hutu ba kasuwa ba ne. In aka bar kowa ya baje, hayaƙi da ƙarar janareta da ledoji za su kori waɗanda aka yi wurin dominsu, ciniki ya mutu gaba ɗaya.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Takarda ɗaya, daga ofis ɗaya, su hukumomin su je su raba kuɗin a tsakaninsu. A kafa allo a ƙofar kowane wuri, a rubuta farashi da Hausar boko da ajami, na rana da na wata, da na kwanakin Sallah ga masu fitowa lokaci-lokaci. A biya ta asusun gwamnati. Tun ƙarancin takardun naira na 2023 har mai rake ya iya karɓar tiransifa, don haka babu dalilin riƙe kuɗi a hannu. Wanda ya biya kuma a ba shi abin da ya biya dominsa: famfo ko tanki, kwandon shara da ake kwashewa, da fitila.

Inda nake jin tsoro shi ne rabon wuraren. Mun ga yadda rumfar kasuwa ke zama kyautar siyasa: mai uwa a gindin murhu ya kwashi biyar, bai taɓa sayar da ko ashana ba, ya bai wa 'yan kasuwar gaske haya ninki uku. In haka za a yi da filayen shaƙatawa, gara a bar mu yadda muke. Mutum ɗaya wuri ɗaya, ba haya ba sayarwa, waɗanda aka tarar suna sana'a a wurin su ne na farko, sauran a yi ƙuri'a a gaban kowa.

Sannan a tuna da matan da ke cikin gida. Mafi yawan masa da hoce da kwaɗon zogalen da ake ci a waje, uwa ce ta yi ta ɗora wa 'yarta. Ita ba za ta je ta bi layi a sakatariya ba. A kai rajistar gidan mai unguwa, a sa mata ma'aikata su shiga gida-gida, takardar ta fito da sunan mai girkin, da sharaɗin babba ne zai tsaya kan kayan in dare ya yi.

Jiya na sake bi ta wurin Baba. Yana nan bakin kwalbati, ya rufe naman da takardar siminti saboda ƙura. Gindin dogon yaron kuwa wani ya riga ya kafa tebur, na tambaye shi ko yana da takarda, ya yi dariya ya ce yana da mutum.