Milimita biyu da rabi

Likita ne ya ja mini, da ya ce in rage tumbi. Ni kuma ban iya yin abu kaɗan ba, sai na tafi wajen 'yan gwanjo na ɗauko keken girabul, irin mai kan keken tsere da taya mai kauri, wanda aka yi don hanyar burji. Araha ya yi sosai, domin ba shi da hannun feda, ba shi da farantin da sarƙa ke hawa. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, ƙarfe ne mai haƙora, ko'ina akwai shi.

A intanet na yi odar na farko, hannun feda da farantinsa, ƙirar kamfanin SRAM, kawai don hotonsa ya burge ni. Da ya iso na kai wa mai gyaran keken unguwarmu, dattijon da tun ina firamare yake yi mini faci. Ya zura sandar da ke haɗa hannayen feda a ramin boris, ta ƙi. Ya shafa giris, ta ƙi. Ashe boris ɗin da ke jikin keken na kamfanin Shimano ne, raminsa milimita 24, ita kuwa sandar SRAM, wadda suke kira DUB, kaurinta ya kusa 29. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya miƙa hannu ya jawo guduma.

"Baba, don Allah tsaya!"

"To mu kai wa mai walda ya ɗan rage mata."

Na rungume kayana na gudu.

A gida na ce bari in cire boris ɗin da kaina in ga abin da ke ciki. Na fi awa ina kokawa da na ɓangaren sarƙa, gumi har cikin ido, ina taka sufana da ƙafa. Daga baya na gano na wannan gefen a bai-bai ake kwance shi. Duk wannan awar ɗaure shi nake ƙara yi.

Na biyu na sayi Shimano, amma na keken kwalta, mai faranti biyu masu haƙora 53 da 39, don a lissafina yawan haƙori shi ne gudu. Sanda ta shige sumul, har Baba ya yi kabbara. Na hau, na taka sau ɗaya, sai ji na yi ƙiiii, kamar ana kankare ƙanzo. Ƙaramin farantin yana cin ƙarfen da ya tafi tayar baya, wanda aka buɗa don taya mai kauri ta samu wuri. Kafin in kai bakin layi ya zana mini baka a fenti, yara suna bina suna cewa mai wasa wuƙa ya zo.

Sai a lokacin na zauna na yi karatun da ya kamata in fara da shi. Tun 2019 Shimano suka fitar da wani samfuri mai suna GRX saboda irin wannan keken, farantinsa ya matsa waje da milimita biyu da rabi, haƙoran ma ƙanana, kamar 46 da 30. Milimita biyu da rabi! Ƙwayar gero fa ke nan, ita ta cinye mini kuɗin cefanen wata.

Na sayi na uku. Ya zauna, bai taɓa komai ba. Na danna giya don sarƙa ta hau babban faranti, ta leƙa ta dawo. Ƙarfen da ke tura ta na keken kwalta ne, shi ma ya gaza da wannan ƙwayar geron. Baba ya ce, "Alhaji, wannan keken naka ko amarya ba ta kai shi tsirfa ba."

Yanzu a ƙaramin faranti nake yawo, ƙafa tana ta wulwulawa, masu kura suna wuce ni. Tumbin yana nan. Jiya na shiga kicin na tarar uwargida ta kwance farantin nan mai haƙora 53 ta ɗora tukunyar miya a kai. Ta ce daidai gindin tukunyar, kamar an auna.