Kada mu yi wa iyayenmu alkawarin sabuwar gwiwa

'Yan'uwana matasa, mu ne muke raka iyayenmu wurin likitan ƙashi idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin gwiwarsu, kuma sau da yawa ta bakinmu suke jin bayanin likita. Abin takaici, saboda son kwantar musu da hankali, sai mu dunƙule bayanin duka mu ce za a sa musu sabuwar gwiwa su koma kamar da. Maganar tana da daɗin ji, amma ita ce ke haifar da ɓacin rai bayan tiyata.

Abin da ake yi shi ne a kankare fuskar ƙasusuwan da suka lalace, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa roba mai tauri a tsakaninsu. Aikin yana da ƙarko, domin binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Duk da haka, kusan mutum 1 cikin 5 ba ya gamsuwa da sakamakon, kuma cikin manyan dalilan akwai tazarar da ke tsakanin abin da ya zata da abin da ya tarar.

Mahaifiyar da aka gaya mata tun farko cewa makonnin farko suna da zafi, cewa kumburi yana iya ɗaukar watanni, kuma cikakken sauƙi yana iya kai shekara guda, ba za ta firgita ba idan ta ga haka. Wadda aka ɓoye wa kuwa sai ta ɗauka aikin ya ɓaci, ta kwanta ta ƙi motsa ƙafar. A nan haɗarin yake, domin gwiwar da ba a lanƙwasa ta a makonnin farko tana sandarewa, kuma yawan kwanciya yana jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Shi ya sa ake tayar da majinyaci ya taka da abin dogarawa a ranar tiyatar ko washegari, abin da wasunmu kan ɗauka rashin tausayi ne.

Ku zauna da su a gaban likita, ku bar su su yi tambaya da bakinsu, domin matambayi ba ya ɓata. A gaya musu cewa durƙusawa da tsugunawa suna yi wa mutane da yawa wuya bayan aikin, cewa gefen tabon yana iya zama ba ya jin taɓawa, kuma ƙarfen yakan yi ɗan ƙara idan ana tafiya. A kuma yi maganar ciwon suga da shan taba, waɗanda ke hana rauni warkewa da wuri, sannan a haɗa su da masu gashin ƙashi su fara koyon atisayen ƙarfafa cinya tun kafin a sa ranar tiyata.