Samarinmu sun ga kwat ɗin Don Draper, ba su ga gidansa ba

Daren Juma'ar da ta wuce, ɗan yayata da ke aiki a wani kamfanin talla a Riyad ya turo guntun bidiyo cikin zauren WhatsApp na dangi. Bai kai minti ɗaya ba. Don Draper ne, jarumin shirin talabijin na Mad Men, cikin kwat yana daka wa wata ma'aikaciyarsa tsawa, an ɗora kiɗa a ƙasa, an rubuta da Larabci a sama cewa haka shugaba yake. Yaron ya ƙara da nasa: "Kawu, ka ga namiji." Kafin a kira asuba samari huɗu sun yaba. Karo na uku ke nan cikin wata guda da irin wannan guntu ya iso wayata daga hannun 'ya'yanmu na Jidda da Makka, kuma raina ya ɓaci sosai.

Shirin Mad Men tsohon labari ne. Tashar AMC ta Amurka ta nuna shi daga 2007 zuwa 2015, kashi 92 cikin zango bakwai, a kan wani kamfanin talla mai suna Sterling Cooper da ke titin Madison a birnin New York, tsakanin 1960 da 1970. Sabon abu shi ne yadda ake yanyanka shi a TikTok da Instagram ana rarraba wa matasa a matsayin darasin shugabanci da mazantaka. Wanda ya yi wannan yankan ko dai bai kalli shirin ba, ko kuwa ya kalla ya zaɓi ya yi ƙarya.

Ga abin da ke bayan guntun da aka turo mini. Matar da ake wa tsawa ita ce Peggy Olson, wadda ta shigo kamfanin a matsayin sakatariya, ta yi ta fama har ta zama mai rubuta talla. Ranar haihuwarta ce, daren da Muhammad Ali ya sake karawa da Sonny Liston a watan Mayun 1965. Saurayinta da mahaifiyarta suna zaune a gidan abinci suna jiranta, Don ya riƙe ta a ofis kan tallan akwatin Samsonite. Ta fashe ta tuna masa cewa tushen tallan da ya ci lambar yabo a kansa daga wajenta ya fito, kuma bai taɓa ce mata an gode ba. Shi ne ya amsa mata da cewa ai albashi shi ne godiyar. Wannan amsar ce samarinmu ke wa tafi. Dalilin da ya sa ya hana ta tafiya kuwa, an yanke shi: akwai saƙo daga Kalifoniya da yake tsoron amsawa, domin ya san matar da ta fi kowa sanin asirinsa tana bakin mutuwa. Gari na wayewa ya buga waya, aka ce ta rasu, ya kifa kai yana kuka a gaban Peggy. Mutum ne da tsoro ya hana shi zama shi kaɗai, sai ya huce a kan na ƙasa da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan yayata bai gane ko shi wane ne a cikin hoton ba. Shi ne Peggy. Yaron da aka haifa a Makka, ya iya Larabci kamar ɗan gari, ya iya Hausa da Turanci, amma yana yawo da igama, wato takardar izinin zaman baƙo a Saudiyya, a aljihu, shi ne ke kawo dabarar a taron safe, da yamma mudiri, wato manaja, ya gabatar da ita ga mai kaya da sunan kansa. Shi da bakinsa ya ba ni wannan labarin bara, yana huci. Yau ga shi yana jinjina wa mai ƙwace. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mafi yawan namu da ke ofisoshin Riyad da Jidda ba su ne ke zaune a kan babbar kujera ba, kuma koyon zafin kan mai kujera ba zai hau da su kanta ba.

Idan ma gaskiya za a bi, yawancin danginmu a nan ba su kai matsayin Peggy ba. Shirin ya buɗe ne da Don a mashaya yana tambayar wani baƙar fata mai hidima wace taba yake sha, sai ga shugaban wurin ya taso yana tambaya ko ma'aikacin na damun baƙo. Akwai Hollis mai tuƙa lif, wanda ke ɗaukar manya sama da ƙasa ba mai kallon fuskarsa. Akwai kuma Carla, baƙar mace mai aikatau a gidan Draper, wadda ta raini 'ya'yan shekara da shekaru lokacin da uban ke yawon mata, uwar kuma ta rasa inda za ta sa kanta. A ƙarshen zango na huɗu Betty, uwar gidan, ta kore ta a rana ɗaya kan ƙaramin laifi, ta hana ta sallama da yaran, ta kuma hana ta takardar shaidar aiki. Duk wanda ya san gidajen Jidda ya san Carla, wataƙila innarsa ce ko yayarsa. Gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki a watan Maris na 2021 ya sassauta wa ma'aikata sauya wurin aiki ba sai da yardar kafili, wato uban gidan da ya tsaya musu, ba, amma masu aikin gida ba su shiga ciki ba. Ban taɓa ganin an yanko korar Carla an ɗora mata kiɗa an turo zauren dangi ba.

Sai zancen iyali, wanda shi ne ƙashin bayan shirin. A ƙarshen zango na farko kamfanin Kodak ya kawo wata na'urar haska hotuna a bango yana neman talla. Don ya zuba hotunan gidansa a ciki, ranar aurensa, matarsa da juna biyu, 'ya'yansa suna wasa, ya yi magana a kan begen gida har wani abokin aikinsa ya fice da hawaye. An ci kasuwa. Da ya koma gida sai ya tarar ba kowa, matar da yaran sun tafi bikin godiya na Amurkawa wajen danginta, tafiyar da shi ya ƙi yi saboda aiki. Ya zauna a kan matakala shi kaɗai. Ko sunan da yake amsawa ba nasa ba ne, sunansa Dick Whitman, ya ɗauke na wani hafsa da ya mutu a yaƙin Koriya. Matar da ya nuna wa 'yan Kodak ba ta san wannan ba a lokacin, kuma likitan ƙwaƙwalwar da take kai wa kukanta yana kwashe labarin ya faɗa wa mijin ta waya.

Wannan wurin nake tunawa duk azumi. Kowa a ƙasar nan ya san tallan Ramadan: doguwar ledar cin abinci, kaka a tsakiya, jikoki kewaye, tulun Vimto, kowa na murmushi ana jiran kiran magariba. Waɗanda ke haɗa wannan hoton tun Sha'aban suke kwana a ofis. Azumin bara ɗan yayatan nan bai sha ruwa da mahaifiyarsa ba sai a goman ƙarshe, ita kuwa tana Makka tana ganin aikinsa a talabijin tsakanin wasan kwaikwayo da wasan kwaikwayo. Yana sayar wa mutane abin da aikin ya raba shi da shi, kuma an koya masa ya kira wannan ci gaba.

Masu cewa ai fim ɗin banza ne cike da giya da neman mata, kada ma a kalla, ba su taimaki kowa ba, tunda yaran sun riga sun haɗiyi guntayen. Masu cewa wannan Amurkar 1960 ce, ba ruwanmu, su duba yadda mata suka cika ofisoshin Saudiyya tun bayan da gwamnati ta ƙaddamar da shirinta na sauye-sauye mai suna Vision 2030 a 2016, har sai da aka kafa dokar hukunta cin zarafi a 2018. 'Ya'yanmu mata na cikin waɗannan ofisoshi. Saurayin da ya haddace yadda Don ke magana da sakatarorinsa, gobe ƙanwar wani zai gwada wa, kuma ita ba ta da bakin kai ƙara idan igamarta na hannun kamfanin.

Ba na neman a hana kowa kallo. Wanda zai ɗauki darasi daga shirin nan ya daure ya bi shi har ƙarshe, ya ga aure biyu da suka mutu a hannun Don, ya ga ranar da 'yarsa Sally ta buɗe ƙofa ta same shi da matar maƙwabci, ya ga Betty da ta yi shekara da shekaru tana busa taba, hajar da Don ya yi ta tallatawa, ta kamu da kansar huhu. Manya kuma mu daina yin shiru a zaurukan dangi idan aka turo irin wannan. Kamfanonin da namu ke shugabanta, ko ƙanana ne, su fara da rubuta sunan wanda ya kawo dabara a jikin takardar da za a kai wa mai kaya.

Na kira ɗan yayata washegari bayan la'asar. Na tambaye shi ko ya san abin da ya faru bayan tsawar, ya ce a'a, guntun kawai ya gani. Na ce ya nemo kashin gaba ɗaya, na bakwai a zango na huɗu, ya kalla, sannan ya buga wa mahaifiyarsa waya, domin ta ce mini kwana goma sha biyu ke nan ba ta ji muryarsa ba.