Babur ɗin da aka cire wa wurin goyo

Mu bakwai muka taru da sassafe a Silverton, wani ɗan gari da ke maƙale cikin duwatsun San Juan a jihar Kolorado ta Amurka. Garin kansa yana sama da mita 2,800 daga gaɓar teku, shi ya sa ko a watan Yuli sai ka ga tururi na fita daga bakinka da safe. Kowa ya ɗauko babur ɗinsa a bayan a-kori-kura, har da ni, domin daga inda nake zaune tafiyar fiye da awa shida ce. Kowa kuma ya yi shiri kamar mai fita yaƙi: hular kwano mai dogon baki, sulken roba a ƙirji da gwiwa, takalma masu tauri har ƙwauri, jakar ruwa a baya da siririn tiyo da ya zagayo zuwa baki, ga na'urar nuna hanya ɗaure a kan hannun babur. Niyyarmu mu zaga hanyar da suke kira Alpine Loop, tsohuwar hanyar masu haƙar ma'adinai mai tsawon kilomita 100 da 'yan kai, wadda ƙanƙara ke rufewa fiye da rabin shekara.

Muna cikin ɗumama inji sai wani dattijo a cikinmu, mai Honda CRF300L da ta sha kayan ƙari, ya zagayo ya tsaya a kan nawa. Nawa Honda XR150L ce. Ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa, ya yi murmushi, ya ce, "Wannan ai ita ce wadda ake hawa a ƙasashenku, ko? Can da babu zaɓi. Mu nan da ita ake koya wa sababbin hannu." Na tabbata ba da mugun nufi ya faɗa ba, har ya miƙo mini na'urarsa ta auna iskar taya. Amma kalmar nan "babu zaɓi" ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma yau mako uku ke nan ba ta wuce ba.

Ga wanda bai san irin waɗannan babura ba, su ne masu lamba da fitila da madubi, doka ta yarda su hau titi, amma an ƙera su da dogayen ƙafafu da taya mai gurzo domin su sauka daga kwalta su shiga daji. Ƙananansu sun kasu gida biyu. Akwai masu lagireto, waɗanda ruwa ke sanyaya injinsu, irin CRF300L mai cc 286 da Kawasaki KLX300 mai cc 292, dukkansu da giya shida da injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji mai a maimakon kafireto. Akwai kuma waɗanda iska kawai ke sanyaya su: XR150L mai cc 149, Yamaha TW200 mai cc 196, Suzuki DR200S mai cc 199, Kawasaki KLX230, da Yamaha XT250. Ukun farko na gida na biyu har yanzu da kafireto suke aiki. XT250 ta koma injekta a 2013, KLX230 kuwa da shi ta fito.

Ba zan ɓoye gaskiya don in ji daɗi ba. A kan takarda, dattijon ya fi ni. CRF300L tana da ƙarfin doki wajen 27, tawa wajen 12. A babban titi inda motoci ke sheƙa kilomita 120 a awa, tawa ba ta da ta cewa, da ƙyar take taɓa 100, har ma a jiha irin Kalifoniya doka ba ta barin babur mai cc 149 ya hau irin wannan titi. Kuma a kan dutse iska ba ta da kauri. Abin da masu inji suka sani shi ne, duk mita 300 da ka hau, injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Mashigar Engineer Pass da muka nufa tana kusan mita 3,900. Ka yi lissafi, dokina goma sha biyu sun koma bakwai ko takwas.

Haka kuwa aka yi. Mun wuce Animas Forks, kufai ne na masu haƙar azurfa da zinariya tun shekarun 1870, gidajen katako a tsaye babu kowa ciki, tagogi a buɗe, iska na shiga tana fita. Daga nan itatuwa suka fara gajarta har suka ƙare ƙaf, sai ciyawa da furanni da tsakuwa da ragowar ƙanƙara a kwarin duwatsu. Hanya ta koma siririya, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami wanda ba ka son ka leƙa. Nan babur ɗina ya fara shaƙewa. In na murɗa totur sai ya yi gurnani ya ja baya. Na tsaya, na kwance fulogi, na gan shi baƙi ƙirin. Dalili a fili yake: iska ta ragu, mai bai ragu ba. Injekta yana da na'urar da ke jin wannan ta rage man da kanta. Kafireto ba ya ji, abin da jet ɗinsa, wato ɗan ƙarfe mai huda da mai ke bi, ya ba shi shi yake zubawa. Amma ina da ƙaramin jet a aljihu, na san da zuwan wannan wuri. Na rufe mai, na sassauta kafireton na karkato shi, na cire kwanon ƙasa, na sauya jet, na goge fulogi. Minti ashirin ba su cika ba, ya tashi yana amsa totur. Dattijon ne ya riƙe mini babur ɗin ina yi, wannan ba zan manta masa ba.

To a nan ne muka rabu da shi a ra'ayi. Shi abin da ya gani shi ne, nasa bai tsaya ba, nawa ya tsaya. Ni abin da na gani shi ne, nawa ya tsaya na tashe shi da sifana da sukundireba a bakin rami. Ranar da famfon mai na cikin tankinsa ya mutu, ko wata na'ura ta rikice, ko ya faɗi dutse ya huda lagireto ruwa ya tsiyaye, a nan zai zauna jiran mai janwe, a wurin da waya ba ta kamawa. Na san irin wannan ba kullum yake faruwa ba, baburan nan na zamani suna da aminci ƙwarai. Amma wanda ya taɓa tura babur da ƙafa ya san cewa sau ɗaya ma ya isa.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa ma ba tawa ba ce. Akwai wata mata a cikinmu, gajeriya, a kan TW200. Wannan babur tun 1987 Yamaha ke ƙera shi, kuma kusan bai sake kama ba. Tayarsa ta baya faffaɗa ce kamar ta ƙaramar mota, sirdinsa santimita 79 daga ƙasa, na CRF300L kuwa 88. Bambancin santimita tara ka ji shi kamar wasa, sai ranar da ka tsaya a kan gangare mai tsakuwa ka miƙa ƙafa ka ji ba ta taɓa ƙasa ba. Matar nan ta sa giya ɗaya, ta bi duwatsun a hankali kamar hawainiya, ko sau ɗaya ba ta faɗi ba. Biyu daga cikin masu dogayen babura sun sha ƙasa a kwanar hanya ɗaya tak. Nauyi ma haka, TW200 kilo 126 ce da mai, CRF300L wajen 140, kuma kilo goma sha huɗu a wurin da numfashi ke yankewa ba ƙaramin abu ba ne in za ka ɗaga. A shekarar da aka fito da TW200, wani Bajapane mai suna Shinji Kazama ya kai wadda aka yi wa gyara har tsakiyar ƙanƙarar ƙarshen duniya ta arewa. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Sai batun kayan ƙari, wanda a nan ya zama kamar wata sana'a ta daban. Mutum zai sayi babur yau, kafin ya hau kilomita 500 ya tuɓe shi. Wasu gyare-gyaren na yarda da su ɗari bisa ɗari. Taya ita ce ta farko, domin wadda kamfani ke sawa ta fi son kwalta, in ka sa mai manyan ƙuraje irin Dunlop D606 ko Pirelli MT21 ka rage iska kaɗan, sai ka rantse wani babur aka ba ka. Sai faifan haƙoran sarƙa: CRF300L tana zuwa da haƙori 14 a gaba, 40 a baya, TW200 kuwa 14 da 50. Ka rage haƙori ɗaya a gaba, daidai yake da ka ƙara kusan uku a baya, babur ya samu ƙarfin hawa, gudu ya ragu. Wannan gyara ne na mai hankali, ka san abin da ka bayar ka san abin da ka karɓa. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da garkuwar hannu su ma wajibi ne, domin hannun kuloci ɗaya da ya karye zai iya ƙare maka tafiya. Shokazoba ta baya ta CRF300L kowa ya san tana da laushi, mai jiki in ya hau sai ta nutse, sauya ta ba almubazzaranci ba ne. A nan KLX300 ta fi ta, domin tata ana iya saita ta tun daga kamfani.

Amma daga nan sai abin ya wuce gona da iri. A cire salansa a sa mai ƙara, a sake tsarin kwamfutar inji, a huda akwatin iska, wasu har su faɗaɗa silinda su sa babban fistin. Masu Suzuki DR-Z400S ma suna da wata huda da ta yi suna a tsakaninsu, inci uku da inci uku a saman akwatin iska. Duk wannan wahala don doki biyu ko uku, a kan hanyar da ba mu wuce giya biyu ba tsawon yini. Kuma dole salansar da ka sa ta kasance da ragar tare tartsatsi, in ba haka ba dokar dazuzzukan gwamnati ta hana ka shiga, saboda gobarar daji. Dattijon da bakinsa ya gaya mini abin da ya kashe a kayan ƙari ya haura rabin kuɗin babur ɗin. Na ce a raina, to me ya hana ka sayi babba tun farko? Wa ke da zaɓi a nan, wanda ya sayi abin da ya ishe shi, ko wanda ya sayi abu ya kasa zama da shi?

Ku da kuke gida ba sai na gaya muku abin da ƙaramin inji yake iya ɗauka ba, ko irin hanyar da yake bi da damina. Kun fi ni sani. Abin da ya ba ni haushi shi ne, XR150L ta yi shekaru tana aiki a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, sai a 2023 Honda ta kawo ta kasuwar Amurka, sannan aka fara yi mata kallon abin wasan yara. Miliyoyin mutanen da suka gwada irin wannan inji a ƙura da taɓo da rana, da kaya da mutum a baya, shekara da shekaru, ba a ɗauke su masana ba. Masani shi ne mai hawa ranar Asabar sau goma a shekara. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Da muka kai ƙololuwar Engineer Pass muka kashe injuna. Shiru ya sauka, ba ka jin komai sai iska da ƙarar ƙarfe yana hucewa. Duwatsu jere har iyakar gani, wasu ja, wasu toka-toka. Dattijon ya jawo ni yana nuna mini abubuwan da ya cire don rage nauyi: dogon marfin bayan da ke riƙe lamba, madubin kamfani, tsohuwar salansa. Sai ya nuna wasu ramuka biyu a jikin ƙarfen baya, ya ce nan matakan ƙafar fasinja suke, ya kwance su tun makon farko. Na ce, "To in za ka goya wani fa?" Ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce, "Wa zan goya?" Na waiwaya na duba sauran. Cikin babura bakwai, huɗu an cire musu.

Ni a bayan Yaya na san babur. Shekara nawa ina riƙe da rigarsa kafin ya yarda in taɓa totur. Shi ya koya mini karanta fulogi, in ya yi baƙi mai ya yi yawa, in ya yi fari fat mai ya yi kaɗan, in ya yi kalar ƙasa ka bar shi haka. Shi ya ce in riƙa shimfiɗa tsumma kafin in buɗe kafireto don kada ƙaramin abu ya faɗa cikin yashi, kuma tsumman na shimfiɗa a kan dutsen nan ba tare da na yi tunani ba. Da na sauko inda waya ke kamawa na aika masa hoton babur ɗin a kan mashigar. Bai tambayi tsayin dutsen ba. Ya ce, "Sarƙarka ta yi sako-sako, ka ɗaure ta." Na duba, gaskiyarsa ne.

Shekara biyu ke nan da sayen XR ɗin, babu wanda ya taɓa zama a bayanta. Matakan suna nan a naɗe, duk lokacin da na zuba wa sarƙa mai nakan ɗiga musu su ma don kada su yi tsatsa.