Kafin a kira mai fenti: maganar kibiyoyin filin ajiye motoci

Masu manyan kantuna, otal-otal, bankuna da asibitoci, akwai wata ɗabi'a da ya kamata ku bari. A gama shimfiɗa kwalta, a ja layukan guraben motoci, sai ranar ƙarshe a ce wa mai fenti "ɗan sa mana kibiyoyi nan da can". Shi kuwa ya sa duk inda idonsa ya ga fili. Ba a jima ba sai motoci su fara haɗuwa goshi da goshi a hanyar da ba ta ɗaukar biyu, mai gadi ya koma aikin ba da hannu, ana ta cewa direbobi ba sa jin magana. A ganina yawancin laifin na wanda ya tsara filin ne. Kibiya sanarwa kawai take yi a kan abin da faɗin hanya da kwanciyar gurabe suka riga suka yanke. In siffar filin ta ce bi nan, fenti ya ce bi can, direba siffar zai bi.

Saboda haka da tef ɗin awo ake farawa. In guraben a miƙe suke, wato mota tana yin cikakkiyar kwana ta digiri 90 kafin ta shiga, hanyar da ke tsakanin sahu biyu tana bukatar faɗin mita 6 zuwa 7 da ɗoriya. A Birtaniya an saba da mita 6, a Amurka ƙafa 24, kusan mita 7.3 ke nan. Wannan faɗin ba ya raguwa sosai ko da an ce hanyar ta tafiya ɗaya ce, wato duk motoci ɓangare ɗaya suke nufa, domin motar da za ta shiga gurbi ko ta fito da ribas sai ta sami wurin juyawa. To a nan matsalar take: hanya mai faɗin mita 7, kowane direba yana gani ya san za ta ɗauki mota biyu. Ka zana masa kibiya ɗaya a tsakiya, in ya hango gurbi a buɗe ta ɗaya ɓangaren, zai shigo ta baya hankalinsa kwance. Irin wannan hanyar gara a bar ta ta shiga da fita, a zana kibiya biyu masu kallon saɓani, kowacce a tsakiyar rabinta, bisa hannun da ake tuƙi a ƙasar.

Wanda yake son tafiya ɗaya da gaske, ya karkatar da guraben. A digiri 60 hanyar tana komawa kusan mita 5, a digiri 45 kusan mita 4. Yanzu filin da kansa yake magana: wanda ya shigo ta daidai zai ga gurabe suna buɗe masa baki, ɗan murza sitiyari kaɗan ya shige. Wanda ya shigo ta baya zai ga ba ya iya shiga ko ɗaya sai da ribas biyu ko uku. Mafi munin aikin da ake yi shi ne a karkatar da gurabe ta wani ɓangare, mai fenti kuma ya juya kan kibiya ta ɗaya ɓangaren don bai duba takardar zane ba, ko ma babu takardar. Dubawar ba ta da wuya. Tsaya a kan kibiyar ka kalli inda ta nuna. In mota za ta iya shiga guraben da gaba ba tare da ta yi kwanar da ta wuce digiri 90 ba, daidai ne.

Kafin a taɓa fenti, a ɗauki zanen filin a bi shi da biro kamar mota, tun daga ƙofar shiga har ta fita. Abin da ake nema shi ne wanda bai sami gurbi a sahun farko ba ya iya zagayowa zuwa na biyu ba tare da ya fita titi ko ya yi ribas ba. Shi ya sa hanyoyin tafiya ɗaya da ke jere ake saɓa su, wannan ta hau, ta kusa da ita ta sauko. Hanyar da ƙarshenta a toshe yake ba a mayar da ita ta tafiya ɗaya ko kusa. A sake bin zanen karo na biyu da motar kaya a zuci, don kwanar da ƙaramar mota ke sha cikin sauƙi babbar mota sai ta hau dakali.

Sai inda ake sa kibiyar. Amfaninta yana gaban wurin da direba zai yanke shawara, ba bayansa ba. Motar da ke tafiyar kilomita 15 a awa tana cin mita 4 da 'yan kai a kowace daƙiƙa. Ka ba direba daƙiƙa biyu da rabi ya gani, ya gane, ya motsa hannu, ya riga ya ci mita 10. Don haka kibiyar kwana da aka zana a tsakiyar mahaɗa ta makara. Wurinta kamar mita 10 kafin a iso. A bakin kowace hanyar tafiya ɗaya a sa guda. A ƙarshenta ma a sa guda tana kallon waje, kuma wannan ita aka fi mantawa da ita alhali ta fi aiki, domin ita ce ke fuskantar mai niyyar shigowa ta baya. In hanyar doguwa ce a maimaita a tsakiya, kamar kowace mita 25 zuwa 30, saboda mutumin da ya daɗe a cikin kanti ya fito ya manta ta ina ya shigo. Kada a ɗora ta a kan layin tsallakar masu ƙafa, ko murfin magudana, ko daidai inda motoci ke jeruwa suna jiran a ɗaga shinge, don a can kullum tana ƙarƙashin cikin mota.

Yawan kibiyoyi kuma ba shi ne tsari ba. In ko'ina fari ne, ido yana daina karantawa.

Girma shi ne inda ake yawan yin rowa. Mai fenti a tsaye yake kallon aikinsa daga sama, sai ya ga kibiya mai tsawon mita ɗaya ta yi kyau. Idon direban ƙaramar mota kuwa kusan mita 1.1 ne kawai daga ƙasa. Daga nisan mita 20, kibiya mai tsawon mita 3 tana bayyana masa kamar abin da tsayinsa bai wuce santimita 15 ba, faɗinta ne kawai ba ya raguwa haka. Ta mita ɗaya kuwa ɗigon fari ce, ba a gane kai da gindi. Dalilin da ya sa kibiyoyin hanya suke dogaye sirara ke nan. Littafin ƙa'idojin alamomin hanya na Amurka, MUTCD, ya ba kibiyar miƙewa ƙafa 9.5, kusan mita 2.9, ta kwana kuma ƙafa 8, ya kuma yarda a rage kusan kashi ɗaya cikin uku inda gudu ba shi da yawa. Ko da ragin, kibiyar miƙewa ana maganar kusan mita 2 ne. Ƙasa da haka ni ban ga amfaninta ba. Siffar ma a bar ta yadda direbobi suka saba gani a titi, launin kuma fari. A kan siminti mai haske farin yana ɓacewa da rana, sai a yi masa baƙin gefe.

Wajen zubawa, shiri ya fi fentin muhimmanci. Sabuwar kwalta tana fitar da mai na wasu makonni, fentin da aka yi gaggawar sa mata yakan koma ruwan ƙasa ko ya tsattsage. A jira kamar kwana 30, ko a sa shafi siriri na wucin gadi a dawo daga baya. Sabon siminti kwana 28, kuma sai an kankare maganin da aka fesa masa don riƙe danshi, in ba haka ba fentin a kan maganin zai zauna su tashi tare. A share ƙura da iska mai ƙarfi, a wanke tabon man inji. In ana shakkar danshi, a manna leda a ƙasa da tef a bar ta cikin rana na ɗan lokaci. In ta yi gumi a ciki, ƙasar ba ta bushe ba. Fenti mai haɗin ruwa ba ya son sanyin da ya gaza digiri 10 a ma'aunin Celsius, ba ya son raɓa, ba ya son hadari a kusa.

A ja igiya mai alli a tsakiyar hanya, a daidaita allon robar da aka yanke siffar kibiya a kanta, a danne gefensa don kada fenti ya kutsa ta ƙasa. Kaurin da aka saba shi ne kusan milimita 0.4 yana ɗanye. A haka lita ɗaya tana rufe murabba'in mita biyu da rabi, cikakkiyar kibiya kuma ta ɗan haura murabba'in mita ɗaya, wato lita ɗaya kibiya biyu. Ɗan kwangilar da ya fitar da kibiya shida daga lita ɗaya ya tsinka fentin ne, za ta koɗe da wuri. Wanda ya labta shi da kauri kuma sama zai bushe ciki na ɗanye, taya mai zafi ta ɗauke shi. Don a gani da dare ana watsa ƙananan ƙwayoyin gilashi nan take fentin na jiƙe, kusan gram 700 ga kowace lita. Su ne ke mayar da hasken fitila zuwa idon direba. In aka bari ya fara bushewa ba za su kama ba, tsintsiyar farko za ta kwashe su.

A ƙofar shiga da kwanoni, inda taya ke murzawa kullum, fenti ba ya daɗewa. Nan ya cancanci roba mai narkewa, wadda kaurinta ke kai milimita 2 zuwa 3, ana narka ta a zafin kusan digiri 200, ko a sayo ta a yanke a gasa ta a ƙasa da wutar gas. Tana shekaru, amma a kan siminti sai an fara sa mata shafin da zai riƙe ta, kuma a zaɓi mai ɗan kaushi, don faffaɗan farin da ya yi sumul yana da santsi ga mai ƙafa da mai babur in an yi ruwa.

In an sauya tsarin tafiya, tsohuwar kibiya a gurje ta da inji ko a kankare ta da ruwa mai ƙarfi. Shafe ta da baƙin fenti yaudarar kai ce: da dare ko bayan ruwa baƙin yana ƙyalli fiye da kwaltar da ke kewaye da shi, sai direba ya ga kibiya biyu suna musu. Ko gurzar ma a yi ta a siffar murabba'i, don in aka bi siffar kibiyar, tabon da ya rage kibiya ne. A ƙarshen kowace hanyar tafiya ɗaya kuma a kafa allon hana shiga a kan ƙarfe, daidai tsayin da direba zai gani ta saman motar da ke fake a gurbin ƙarshe, domin abin da ke ƙasa ruwa, ƙura ko motar gaba na iya rufe shi.