Makashiyar da ba ta kisa, ɓarawon da ba ya cutar kowa

'Yan uwana matasa masu son karatu, ina so mu yi magana a kan wani nau'in littafi da ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan. Ƙagaggun labarai ne na duniyar tsafi da masarautu, waɗanda ake rubutawa don masu shekara 12 zuwa 18, ko da yake manya ma na rububinsu. Jaruman galibi ɓarayi ne da masu kisan haya. A bango za ka ga yarinya ta rufe rabin fuska, wuƙa a hannu, a baya kuma an rubuta cewa duk masarautar ba wanda ake tsoro kamarta. Na karanta ɗaya daga cikinsu kwanan nan bayan an cika min kunne da yabonsa, na kuma ajiye shi raina a ɓace. Ashe kallon kitse muka yi wa rogo.

Ga yadda abin yake. Tun shafin farko marubucin ya shaida mana cewa jarumar tasa ba ta kai ashirin ba amma ta aika mutane da yawa lahira, sunanta kaɗai na sa dakaru makyarkyata. To, sai muka zauna muna jira mu gani. Aka tura ta ta kashe ma'ajin sarki. Ta haura katanga, ta laɓe bayan labule, ta zare wuƙa, sai ga shi a daidai lokacin ta tsinkayi mutumin yana cinikin sayar da marayu. Kun ga dabarar? An wanke mata hannu tun kafin ta taɓa shi. Duk wanda za ta kashe sai an fara nuna mana shi azzalumi ne na ƙin ƙarawa, don kada zuciyarmu ta yi ɗar. Su kuwa masu gadin ƙofa da ta yanka a hanyarta ta shiga, ko suna ba a ba su ba. Layi ɗaya suka samu, aka wuce. Ba wanda ya tambaya ko akwai mai jiran dawowarsu gida. Washegari ta tashi garau, babbar damuwarta ita ce wanne za ta zaɓa cikin samari biyu, yarima mai fara'a ko shugaban ɓarayi mai ɗaure fuska.

Satar ma haka. An yi ta kururuta wata taska mai makullai uku da ba a taɓa fasawa ba, har na ɗauka za a nuna mana shiri da dabara, wa zai ɗauke hankalin mai gadi, wa zai saci mabuɗi, me za a yi in abu ya kwaɓe. Da suka isa ƙofar sai yarinyar ta ɗora tafin hannunta, makullan suka buɗe da kansu, wai akwai wani tsafi a jininta da ba a taɓa ambata ba sai a wannan shafin. Wannan ha'inci ne. Tsafi a labari ba laifi ba ne, amma dole a san iyakarsa tun da wuri, a san abin da yake ci wa mai shi. In kowace matsala za ta warware da baiwar da aka ciro daga aljihu a minti na ƙarshe, me ya sa zan damu da jarumar?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tarihi na gaskiya ya fi wannan ɗaukar hankali nesa ba kusa ba. Ku duba mabiyan Hasan Sabbah, wanda ya karɓe sansanin Alamut a duwatsun arewacin Iran a 1090. Mutanensa ne suka kashe babban waziri Nizamul Mulk a 1092, aka ce makashin ya zo masa ne a shigar sufi. A 1192 suka kashe Konrad na Montferrat a birnin Taya, daf da a naɗa shi sarkin Ƙudus. Irin waɗannan mutane sukan daɗe suna zaune cikin jama'a da ɓoyayyen nufi, kuma da yawansu ba su tsira da rai bayan aikin ba. Ƙarshe Mongol ƙarƙashin Hulagu suka murƙushe Alamut a 1256. Ba ado a ciki ko kaɗan, tsoro ne da jini da rayuwar da aka salwantar.

Ɓarayin labari kuma kullum a nuna su tamkar dangi, masu amana, ba sa taɓa talaka. Ku karanta labarin Jonathan Wild na Landan. Mutumin nan ya yi suna a matsayin mai kama ɓarayi, alhali shi ne ubangidansu. Yaransa su sato, shi ya mayar wa masu kaya a biya shi lada, wanda ya yi masa gardama cikinsu ya miƙa shi ga hukuma a rataye. Jack Sheppard, ɗan saurayin da ya yi ta tserewa daga kurkuku har talakawa suka ɗauke shi gwarzo, an rataye shi a 1724 yana da shekara 22. Wild ɗin ma bai kai labari ba, a 1725 igiya ta hau wuyansa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Marubucin da ya san wannan ba zai ba mu gungun ɓarayi masu raha da barkwanci kawai ba.

Kada ku fahimce ni a baibai. Ban ce a daina rubuta ɓarawo ko makashi a matsayin jarumi ba, ban kuma ce a cika wa yara shafi da jini ba. Cewa nake in marubuci ya zaɓi ya ɗora wa yarinya wuƙa, to ya bar ta ta ji nauyinta. Ta kasa barci. Ta gamu da matar wanda ta kashe. Ta yi kuskure ta kashe wanda bai cancanta ba, ta rasa inda za ta sa kanta. Littafin da ya mayar da kisa kwalliya, kamar wata riga da ake sawa don a burge, yana koya wa ɗan shekara 14 cewa ran wanda ba shi da suna ba komai ba ne. Wannan ya fi raunin labarin damuna.

Saboda haka ku riƙa karatu da ido biyu. Taurarin yabo da ake zubawa a Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke auna littattafai, da gajerun bidiyon TikTok inda wata ke kuka rungume da littafi ba hujja ba ne, sau da yawa soyayyar da ke ciki ake yabo, ba labarin ba. Kafin ku saya, ku karanta babi biyu na farko, ku tambayi kanku: an nuna min abin da aka faɗa, ko dai an faɗa min ne kawai? In kun yi nisa kuka ga ba a cika alkawari ba, ku ajiye, ba bashi kuka ci ba. Kuma kada kunyar abokai ta hana ku cewa bai yi muku ba.

Ku kuma lura da yadda ake ƙare su. Wanda na karanta dai ya tsaya ne a tsakiyar faɗa, an ɗaga takobi ba a sauke ba, aka rubuta cewa a nemi littafi na biyu cikin uku. Ba zan nema ba. Masu sha'awar rubutu a cikinku kuwa, in kun ƙirƙiri mai gadin da jarumarku za ta kashe, ku fara raɗa masa suna, ku san 'ya'yansa nawa, sannan ku gwada rubuta wannan shafin.