Kafin a sayar da fili a tura yaro mastas a Ingila

Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Yaron da ya gama digiri bara, ya yi bautar ƙasa bana, bai kamata baɗi a gan shi a ajin mastas ɗin kasuwanci a Ingila ba. Ya tsaya ya yi aiki tukuna, ko da na shekara biyu ne ko uku.

Ejan-ejan ɗin da ke tallar makarantu suna cakuɗa wa mutane abu biyu. Akwai MBA, akwai kuma mastas na shekara guda a harkar gudanarwa ko kasuwancin ƙasa da ƙasa. Shi MBA domin wanda ya riga ya goge da aiki aka yi shi. A manyan makarantu irin su London Business School da INSEAD ta Faransa, akasarin 'yan ajin sun yi wajen shekara biyar suna aiki kafin su shiga. Dalili kuwa yana cikin salon koyarwar da Harvard ta yi suna a kai: a kawo muku labarin wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, a ce ku yi muhawara kan mafita. Wanda ya taɓa bin bashin da ya ƙi fita, ko kayansa suka maƙale a tashar Apapa kuɗin ajiya na hauhawa, ko ya sallami ma'aikacin da ɗan'uwansa ne, yana da abin faɗa, kuma kowane darasi zai faɗa masa a kan gaɓa. Kai da ko rasit ba ka taɓa yankewa ba, sai dai ka zauna kana rubuta abin da wasu suka ce.

Shi kuwa mastas na shekara guda, ko jiya ka gama za a ɗauke ka, da fara'a ma. Daga 2017 har zuwa 2025 an tsayar da kuɗin da ɗan ƙasa ke biya a digirin farko a Ingila a kan fam 9,250 a shekara, ga kuma tsadar kaya tana ci. Da kuɗin ɗaliban waje jami'o'i da dama ke toshe giɓin. Shi ma ejan ɗin da ke kiranka safe da yamma, jami'ar ce ke ba shi kamasho a kan kowane ɗalibin da ya kawo. Sana'arsa ce, ba laifi ya yi ba, amma kada ka ɗauki maganarsa a matsayin shawarar babban wa.

To, a zo kan lissafi. Kuɗin makaranta yawanci daga fam 15,000 ne zuwa sama. Ga harajin lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin biza, ga tikiti. Sannan sai ka nuna kuɗin zama na wata tara, sama da fam 1,000 kowane wata, kuma su kwana 28 a asusu. Waɗanda suka tafi a 2022 sun yi lissafinsu ne da dalar gwamnati, wadda ba ta kai naira 500 ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura 1,500. Kowa ya ga labarin ɗaliban Najeriya a jami'ar Teesside a watan Mayun 2024, waɗanda aka ce su tattara su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta.

"Ai zan riƙa aiki ina biya." Awa 20 a mako doka ta yarda ɗalibi ya yi lokacin karatu. A mafi ƙarancin albashi na 2025, fam 12.21 a awa, abin da za ka haɗa a wata bai wuce fam dubu da 'yan kai ba. Haya da abinci da mota sun cinye shi. Aikin ma galibi a sito ne ko gidan kula da tsofaffi, wani lokaci da dare, ka wayi gari a aji kana gyangyaɗi.

Idan kuma asalin niyyar ci-rani ce, karatun hanya ce kawai, a faɗi gaskiya a gida tun wuri, don ƙofar tana tsukewa. Tun Janairun 2024 mai irin wannan mastas ba ya tafiya da mata ko 'ya'ya. Shekara biyun da ake bayarwa a nemi aiki bayan kammalawa za ta koma wata 18 daga Janairun 2027.

Wani zai ce ai Alhassan Ɗantata bai shiga ajin boko ba, kuma Aliko Ɗangote da ya dawo daga Azhar da rancen kawunsa ya fara a 1977. Ni wannan hujjar ba ta burge ni, domin kamfanonin gidajen nan cike suke da masu irin wannan digiri. Karatun yana da amfani, kuma mu ne ma muka fi buƙatarsa. Shaguna nawa ne a Kantin Kwari da Singa da Dawanau suka mutu ranar da aka raba gado? Alhaji ya riƙe komai a ka, aljihunsa da na shago ɗaya ne, babu littafin da za a buɗe a san wa ake bi, wa ke bi. Ɗan da ya yi shekara uku a shagon nan, ya ga inda kuɗi ke zurarewa, shi ne idan ya je aka koya masa lissafin shige da ficen kuɗi da yadda ake miƙa kamfani ga na baya, zai dawo da abin da gidansu zai amfana.

Jiran ma yana buɗe ƙofofi. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke ɗaukar nauyin mastas ɗin, ba ya karɓar wanda bai yi aikin shekara biyu ba. Akwai kuma makarantar kasuwanci ta Ɗangote a BUK da ta ABU da Lagos Business School, inda da naira za ka biya.

Iyaye, idan yaro ya kafe sai ya tafi yanzu, ku ce ya nemo lambar 'yan Najeriya uku da suka gama wannan kwas ɗin a wannan jami'ar, waɗanda ba ejan ne ya haɗa shi da su ba. Ku kira su da kanku, ku tambaye su aikin da suke yi yau, da ko sun gama biyan bashin da aka ci musu.